Darasin Aikin Gona: Shuka Ɗoɗɗoya A Gida Da Yadda Ake Adana Ta

A watan Agusta, ɗoɗɗoya ba abin nema ba ce a ƙasar Pauwa. Tana nan a bayan gida, a gindin danga, har a bakin juji, awaki suna tattaka ta. Amma idan watan Maris ya kama, sai a aiki yaro gida uku neman ganyen da za a sa a romon maras lafiya, ya dawo hannu banza. Haka abin yake a ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ga shi kuma a shekarun da matsalar 'yan bindiga ta tsananta a wannan yanki, gidaje da yawa sun rasa damar zuwa gonakinsu na nesa da fadamunsu. Wannan ya nuna darajar abin da aka shuka a cikin gida. Darasin wannan wata zai bayyana yadda gida zai samu ɗoɗɗoya damina da rani, ba tare da kashe kuɗi ba.

Wace ce ɗoɗɗoya?

Ɗoɗɗoya tsiro ce mai ƙamshi, wadda asalinta daga ƙasashe masu zafi na Afirka da Asiya ne. Wasu suna kiran ta ɗaiɗoya. Yarabawa suna ce mata efirin, Ibo kuma ncanwu, Larabawa suna kiran ta raihan. A ƙasar Masar noman ta ake yi gona guda, a busar da ganyen a sayar wa ƙasashen Turai.

Iri biyu aka fi gani a gidaje. Akwai ƙarama, wadda ba ta cika wuce gwiwar mutum ba. Wannan tana yin fure ta zubar da iri, sa'an nan ta mutu a cikin shekara guda. Akwai kuma babba mai faɗin ganye, wadda takan kai tsawon mutum. Ita takan yi shekaru da rai muddin tana samun ruwa. Ƙamshin ɗoɗɗoya yana fitowa ne daga wani mai da ke cikin ganyen, kuma a wasu ire-irenta akwai sinadari iri ɗaya da wanda ke cikin kanumfari. Wannan mai ba ya jure zafi. Duk wanda ya riƙe wannan magana ya fahimci rabin darasin.

Wurin shuka

Ɗoɗɗoya tana son rana, aƙalla awa 6 a yini. Ba ta son wurin da ruwa ke kwanciya, domin saiwarta takan ruɓe. Wanda yake da fili sai ya yi ɗan fangali mai tsawon taku biyu da faɗin taku ɗaya. Wanda ba shi da fili zai iya amfani da tsohuwar tukunya, ko fasasshen tulu, ko bokitin da ya huje, ko buhu. Sharaɗi ɗaya ne: a huda ƙasansa don ruwa ya riƙa tsiyayewa.

A haɗa ƙasa kashi biyu da taki kashi ɗaya. Kashin awaki ko na shanu wanda ya daɗe ya ruɓe shi ya fi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro. Daga nan a kewaye wurin da kara ko ƙaya, saboda kaji suna tone iri, awaki kuma suna karya rassa.

Hanyoyi biyu na shuka

Hanya ta farko ita ce iri. Irin ɗoɗɗoya ƙanana ne baƙaƙe, ba su kai ƙwayar riɗi ba. A cuɗa su da yashi kaɗan a barbaɗa, a rufe da ƙasa sama-sama. Idan aka binne su da zurfi ba za su fito ba. A yayyafa ruwa da hannu safe da yamma. Cikin kwana 5 zuwa 10 za su tsiro. Bayan mako huɗu ko biyar, idan kowace ta yi ganye shida, sai a yi dashe da yamma. A bar tazarar ƙafa ɗaya tsakanin ƙananan, babbar kuwa a ba ta taku guda.

Hanya ta biyu ta fi sauri, kuma maƙwabciya za ta iya ba da ita kyauta. A yanko reshe mai tsawon kamu ɗaya wanda bai yi fure ba. A cire ganyen ƙasa, a bar na sama. A tsoma shi cikin kwalba mai ruwa, a ajiye a inuwa mai haske, ana sauya ruwan bayan kwana biyu. Cikin mako ɗaya ko biyu saiwa za ta fito, sai a dasa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne faɗuwar damina, a watan Mayu ko Yuni. Mai ruwa kusa zai iya shuka a kowane lokaci, sai dai a tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, ɗoɗɗoya ba ta saurin girma.

Kulawa

Da rani tukunya guda tana buƙatar kamar moɗa ɗaya ko biyu ta ruwa a yini. Ba sai an ɗebo na musamman ba. Ruwan alwala da ƙasarin wankin hatsi sun isa. Amma kada a zuba ruwan omo ko mai gishiri. Idan aka baza ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa a gindin, lema za ta daɗe ba ta bushe ba.

Babban kuskuren da ake yi shi ne barin ta ta yi fure. Da zarar ɗoɗɗoya ta yi fure, ƙarfinta ya koma wajen yin iri, ganye ya ragu ya kuma yi ɗaci. Saboda haka idan ta kai kamu ɗaya a tsinke kanta, daidai saman inda ganye biyu suka fito. A wurin sababbin rassa biyu za su tsiro. Duk furen da ya leƙo a tsinke shi. Gindi ɗaya ko biyu kawai za a bari don iri.

Idan darɓa ko tsutsa ta kama ganyen, a barbaɗa toka da safe, ko a daka ganyen bedi, wato dogon yaro, a jiƙa shi kwana guda a tace a yayyafa. Kada a taɓa fesa maganin auduga ko na wake a kan ganyen da za a sa a miya.

Ɗiba da shanya

A ɗebi ganye da hantsi, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta yi zafi. Kada a ɗebe fiye da kashi ɗaya cikin uku na gindi a lokaci guda, domin ta samu sake tohowa. Ɗiba mai yawa ta tanadi a yi ta a watan Oktoba, lokacin da ruwa ya ɗauke, iska ta fara bushewa.

A wanke ganyen, a kakkaɓe ruwan, a zubar da wanda ya yi baƙi. Daga nan sai shanya, kuma a nan ne aka fi yin asara. An saba shanya barkono da kuɓewa da tumatir a rana, sai a ɗauka ɗoɗɗoya ma haka take. Rana tana ƙone man da ke cikin ganyen, ya yi baƙi, ƙamshin ya gudu. A inuwa ake shanya ta, inda iska ke ratsawa, kamar ƙarƙashin rumfa ko cikin zaure. A baza ta a faifai ko tabarma mai tsabta, kada a tula, kuma a ɗaga ta daga ƙasa saboda kaji da ƙura. A riƙa juya ta sau ɗaya a yini. Ana kuma iya ɗaure rassa biyar-biyar a rataye su kai ƙasa.

Da kaka ko hunturu takan bushe cikin kwana 4 zuwa 7. Da damina takan wuce haka. Alamar bushewa ita ce ganye ya karye ƙaras idan an murza shi, launinsa yana nan kore. Wanda ke lanƙwasawa bai bushe ba, idan aka rufe shi zai yi fumfuna. Ganyen da ya yi fumfuna zubarwa ake yi, ba a ci.

Ajiya

A zuba busasshen ganye cikin kwalba ko gwangwani mai murfi, wanda aka wanke ya bushe sarai. Kada a daka shi sai ranar amfani, domin gari ya fi saurin rasa ƙamshi. A ajiye nesa da murhu da hasken rana. A manna takarda a jikin kwalbar, a rubuta watan da aka zuba. Idan an bi wannan hanya, abin da aka ajiye a Oktoba zai kai har wata daminar.

Shi kuwa iri, a jira sai kan furen ya bushe ya yi ruwan ƙasa. A yanke, a murza a kan faifai, a feƙe, a ƙunshe a takarda.

Amfani da gargaɗi

Ana sa ɗoɗɗoya a farfesu da romon kifi da dafa-duka da fate da shayi. A zuba ta dab da sauke tukunya. Busasshiya cokali ɗaya tana tsayawa a madadin ɗanya cokali uku. Uwargidan da ta tara fiye da buƙatarta za ta iya ƙulla ta a sayar da rani, a samu kuɗin gishiri da sabulu.

Mutane suna shan ruwanta don mura da kumburin ciki, suna kuma turara ta don korar sauro. Amma ɗoɗɗoya ba ta warkar da zazzaɓin cizon sauro, kuma ba ta maye gurbin gidan sauro. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi asibiti a ranar. Mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari, a nemi ma'aikacin lafiya.

Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Wanda yake son ɗoɗɗoya a watan Maris, da damina zai dasa ta.

Tambayoyi

1. Don me ake tsinke furen ɗoɗɗoya?
2. Me ke faruwa idan aka shanya ganyen a rana?
3. Ta yaya ake gane ganye ya bushe?
4. Fangali yana da layi 2, kowane layi yana da gindi 6. Idan an bar gindi 2 don iri, gindi nawa za a riƙa ɗiba?