Jiragen Yaƙin Hitila da Ƙananan Jiragen Kwaikwayo: Darasi ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan darasi ne musamman domin hakiman da ƙasarsu ke kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, watau irin su Zagga da Ka'oje da Illo a cikin ƙasar Gwandu, da kuma malaman da ke riƙe musu alƙalami.

Ga dalilinsa. Talaka ya kan zo wurin mai unguwa ya ce ya ga jirgi yana yawo bisa gonarsa. Mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kawo wa hakimi, malam kuma ya rubuta layi ɗaya, "An ga jirgi," a aika sama. Takarda irin wannan ba ta da amfani ga wanda ya karɓe ta, gama a yau abubuwa uku ne ke iya gilmawa a sama: jirgin mayaƙan sama na gaske, da jirgi marar matuƙi wanda a ke aikowa leƙen asiri, da ƙaramin jirgin kwaikwayo wanda samari ke tayarwa don sha'awa. In aka ɗauki na wasa a matsayin na leƙen asiri, ɗan wani zai kwana a tsare ba da laifi ba. In kuwa aka ɗauki na leƙen asiri a matsayin na wasa, abin da zai biyo baya ya fi haka muni. Hakimin da ya san siffar jiragen da masu wasan su ka fi kwaikwaya ya rigaya ya yi rabin aikin rarrabewa.

Mene ne jirgin kwaikwayo

Ƙaramin jirgi ne wanda a ke ƙerawa da siffar wani babban jirgi sananne, sai dai a rage girmansa, sau da yawa zuwa wajen kashi ɗaya cikin goma. Da can da itace mai sauƙi a ke yin sa. Yanzu yawanci da farin soso ne, dangin wanda a ke kunshe firiji da talabijin a ciki, a sa masa ƙaramin inji mai aiki da batir, da farfela a hanci. Mai shi yana tsaye a ƙasa riƙe da akwatin sarrafawa, wanda yara ke kira rimot, yana juya shi da yatsu ta hanyar rediyo. Batirin ba ya jurewa: minti biyar zuwa goma, sai a sauko da shi. Kuma tilas mai shi ya riƙa ganinsa da ido, gama in ya ɓace masa ya faɗi ke nan.

Masu wannan sha'awa a ko'ina cikin duniya sun fi ƙaunar jiragen yaƙin 1939 zuwa 1945, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da siffar da ba ta ɓoyuwa, kuma farfela ɗaya a hanci ta dace da ƙaramin inji. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, waɗansu daga cikin jiragen nan sun sha ƙurar ƙasarmu.

Hurricane, baƙon Kano

A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Bahar Rum ya zama wurin hatsari ga jiragen ruwan Ingila, alhali kuwa mayaƙanta da ke Masar suna matuƙar bukatar jiragen sama. Sai aka yi dabara. A kan zuba jirage cikin manyan akwatuna gunduwa-gunduwa, a kawo su ta ruwa har Takoradi a Gwalkwas, watau Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sa'an nan matuƙa su taso da su zuwa Ikko, daga Ikko Kano, daga Kano Maiduguri, su ƙetare Chadi su shiga Sudan, su bi ta Hartum su gangara Masar. Tafiyar ta haura mil 3,500, ta kan ci wajen kwana shida. Ayari na farko ya tashi a watan Satumba na 1940, Hurricane shida da wani jirgi mai inji biyu, Blenheim, yana yi musu jagora. Kafin ƙarshen 1943 jiragen da su ka bi wannan hanya sun wuce 5,000.

Hakiman iyaka su lura da wannan. Hanyar ta yiwu ne saboda Gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle a watan Agusta na 1940. Amma Dahome, wadda yau a ke kira Benin, da Nijar, sun zauna a hannun gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus har watan Nuwamba na 1942. Ke nan shekara biyu cur iyakar nan da ke yamma da Illo da Ka'oje ta raba ɓangarori biyu da ba sa ga maciji da juna. Kula da abin da ke gilmawa bisa wannan iyaka ba yau aka fara bukatarsa ba.

Hurricane ƙirar kamfanin Hawker ne, ya fara tashi a 1935, an ƙera kimanin 14,500. Alamarsa ita ce ɗan doro a bayan mazaunin matuƙi, da fukafukai masu kauri, faɗinsu ƙafa 40. Rabin jikinsa na baya ƙyalle ne aka ɗame bisa ƙarfe da itace, saboda haka in harsashi ya huda shi sai a yi masa faci ya koma bakin daga. A yaƙin sama da aka gwabza bisa Ingila a 1940 ya kakkaɓo jiragen Jamus fiye da yadda Spitfire ya kakkaɓo. Duk da haka a kantunan jiragen kwaikwayo bai kai Spitfire yawa ba, don bai kai shi kyau ba. A ganina, in da ɗan Arewa zai zaɓi ɗaya ya kwaikwaya, wannan ne ya fi cancanta, tun da shi ne ya sauka a Kano ya sha mai, ya kwana, ya wuce.

Wani da ya bi hanyar Kano shi ne P-40 na kamfanin Curtiss a Amurka, wanda Ingilishi su ka raɗa wa Tomahawk, daga baya Kittyhawk. Shi ne a ke zana wa baki buɗe da jerin fararen haƙora a ƙarƙashin hanci, kamar bakin babban kifin nan na teku mai cin mutane. Runduna ta 112 ta mayaƙan saman Ingila ta yi wa jiragenta wannan zane a Afirka ta Arewa a 1941, sa'an nan matuƙan Amurka da ke taimakon ƙasar Sin su ka gani su ka ɗauka. Duk ƙaramin jirgin da aka ce an gan shi da haƙora, mafi yawa kwaikwayon wannan ne.

Spitfire da sunan Nijeriya

Wanda ya fi duka suna kuwa Spitfire ne. R. J. Mitchell na kamfanin Supermarine ya tsara shi, ya fara tashi a watan Maris na 1936, Mitchell ya mutu a 1937 bai ga aikin da jirginsa ya yi ba. An ƙera fiye da 20,000. Ba a ɓata shi da wani: in aka dube shi daga ƙasa, fukafukansa ba su da kusurwa, sun lanƙwasa sun tsuke a baki kamar ganyen mangwaro. Faɗinsu ƙafa 36 da inci 10, saboda haka na kwaikwayo mai kashi ɗaya cikin goma bai kai ƙafa huɗu ba, yaro na iya saɓa shi a kafaɗa.

Lokacin yaƙin an yi ta tara gudummawa a Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta, aka yanke fam 5,000 a matsayin kuɗin Spitfire ɗaya, wanda ya biya a rubuta sunansa a jikin jirgin. Nijeriya ta ba da nata, har aka sa wa Runduna ta 91 sunan Nijeriya. Ɗaya daga cikin jiragenta yana ɗauke da sunan Lardin Oyo. Abin mamaki, a 1944 aikin da aka ba wannan runduna shi ne tare bom mai fukafukai marar matuƙi, wanda a ke kira V-1, da Jamus ke cilla wa Landan. Ashe sunan ƙasar nan ya daɗe da haɗuwa da jirgi marar matuƙi.

Spitfire yana da aibi ɗaya wanda na kwaikwayo ma ya gada: ƙafafunsa sun matsu da juna, yana da wuyar saukarwa, filin da ba shi da laushi ya kan kifar da shi bisa hanci.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. Mustang na Amurka, P-51, ana gane shi da wani baki mai shan iska a ƙarƙashin ciki, jikinsa sau da yawa fari fat kamar azurfa. Shi ne ya raka jirage masu jefa bom har Balin a 1944, kuma matuƙa baƙaƙen fata na Amurka da aka horar a Tuskegee sun tuƙa shi da jela mai jan fenti. Corsair fukafukansa sun karye ƙasa sa'an nan su ka miƙe sama, don a ɗaga hancinsa kada babbar farfelarsa ta taɓa ƙasa. Na Jamus shi ne Messerschmitt 109, siriri mai baƙar alamar gicciye, an ƙera fiye da 33,000. Na Japan kuma Zero, mai jan da'ira, wanda ya kai hari Pearl Harbor a watan Disamba na 1941.

Yadda za a rarrabe

Girma a sama yana ruɗin ido. Ƙaramin abu na kusa da babban abu na nesa duk ɗaya su ke ga mai kallo, saboda haka kada malam ya dogara ga "babba ne" ko "ƙarami ne" daga bakin talaka. Wannan ya zama dole a faɗa domin mayaƙan saman Nijeriya suna da wani jirgi mai kama da na Yaƙin Hitila, Super Tucano, mai farfela ɗaya a hanci, faɗinsa kusan daidai da na Spitfire. An sayo 12, shidan farko sun sauka a Kano a watan Yuli na 2021, aka ajiye su a sansanin Kainji, wanda ga jirgi ba shi da nisa da ƙasar Bagudo. Shi ƙararsa ta kan cika gari, ya kan fito daga wannan kusurwa ya ɓace a waccan.

Na kwaikwayo kuwa ƙararsa kamar ta zuma ce ko ta injin aski. Ba ya barin fili ɗaya, kewaye ya ke yi ta yi, bayan 'yan mintoci ya sauko, kuma in an duba za a tarar da mutum tsaye a fili da akwati a hannu, galibi yara sun kewaye shi. Ba ya iya tsayawa cik a sama, in ya daina gudu faɗuwa zai yi. Abin da ke tsayawa wuri ɗaya kamar shaho yana duban kaza, mai ƙafafu huɗu kowace da farfelarta, wannan jirgi marar matuƙi ne mai ɗaukar hoto, mai shi kuma na iya kasancewa nesa inda ba a ganinsa. Manyan marasa matuƙi na soja suna da dogayen fukafukai sirara, farfelarsu a baya ta ke, suna tafiya can ƙololuwa.

Akwai wata alama da ba a sama ta ke ba. Kwaikwayon jirgin yaƙi ba na ɗan koyo ba ne, gama yana da sauri kuma ba ya yafe kuskure. Sai mutum ya yi watanni yana koyo da jirgi mai sanyin tafiya, ya fasa ya gyara, kafin ya iya riƙe Spitfire. Saurayin da ya kai wannan matsayi ba zai ɓoyu ga mai unguwarsa ba. In aka ga jirgi, aka tambayi unguwanni, ba wanda ya san mai shi, to lalle a gaggauta kai rahoto. Amma fa kada siffa kaɗai ta kwantar wa hakimi da hankali, domin ana iya liƙa kyamara a jikin kowane irin jirgi.

Abin da ya kamaci hakimi

A 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya ta sanar cewa ba a tayar da jirgi marar matuƙi a sararin ƙasar nan sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Saboda haka ba hakimi ke ba da izini ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya san mai jirgin, ya kira shi tare da mahaifinsa ko maigidansa, ya ga jirgin da idonsa a ƙasa, ya haɗa shi da babban jami'in 'yan sanda na yankin don a nuna masa hanyar neman izini. Ya kuma gargaɗe shi ya nisanci iyaka, da shingen kwastan, da sansanin soja, da kasuwa ranar cinta. Ba daidai ba ne a bar dogarai ko 'yan banga su farfasa masa shi. Yaron da ya iya haɗa inji da rediyo da fukafukai har abu ya tashi, kan makaniki ne da shi, makarantar koyon sana'a ta fi dacewa da shi.

Malam kuma, in zai rubuta rahoto, ya sa rana da sa'a, da sunan ƙauye ko fadamar da aka gan shi, da inda ya fito da inda ya nufa, ko ta wajen kogin Kwara ko ta wajen iyaka. Ya faɗi farfela nawa gare shi kuma a ina ta ke, ko ya tsaya cik ko kewaye ya yi, minti nawa ya ɗauka, da irin ƙararsa, da fenti ko alamar da aka gani. Ya rarrabe abin da mai ba da labari ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa. In jirgin ya faɗi ba a san mai shi ba, kada kowa ya taɓa shi ko ya ɗauke shi zuwa fada, gama ko na wasa ne batirinsa ya kan kama da wuta in ya fashe. A sa dogari ya tsare wurin daga nesa, a kori yara, a aika wa 'yan sanda.