Amsoshin Tambayoyinku: Neman Tsofaffin Kwabbai a Ƙasa

Malam Habu daga Gwaram yana tambaya: mene ne amfanin ƙaramar na'urar hannu wajen neman tsofaffin kwabbai?

To Malam Habu, babbar na'urar gano ƙarfe yanki kawai take nunawa. Ƙaramar kuwa, bayan ka tona rami, ita ke nuna ainihin wurin. Da ta kusanci ƙarfe, ƙararta takan ƙaru, sai ka zaro anini ko kwabo mai huji da yatsa, ba tare da fartanya ta ƙarje shi ba. Amma kuɗin wuri ba ƙarfe ba ne, ba za ta ji shi ba.

Don Allah a nemi izinin mai gona kafin a yi tono. Wuraren tarihi kuwa, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, kada a tona su.