Wasiƙa ga Amare da Angwaye: Ku Fitar da Kwanon Maƙwabci Tun Tukunya Tana Kan Wuta

'Ya'yana,

Ina so mu yi magana a kan abincin da ke ƙarewa a bola daga gidajenku. Na san za ku ce wa ke zubar da abinci a wannan tsadar, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kwanon shinkafa ya gagari mutane da yawa? To, ku leƙa kwata da safe bayan an yi biki ko suna a unguwa, ko ku duba juji a watan azumi, za ku ga shinkafa da ƙosai da kunu a zube. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya ce a shekarar 2022 an zubar da abinci fiye da tan biliyan 1 a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito. Rahoton ya lura cewa ƙasashe masu zafi sun fi yin asarar, domin abinci ba ya jure zafi. Mu ne ke nan, masu dafa tukunyar mutum goma a gidan mutum biyu, mu dogara da firji, a ɗauke wuta, miya ta wayi gari da tsami.

Iyayenmu ba su da firji, amma abinci bai lalace musu ba. Tuwon dare ya zama ɗumame, ƙanzo a jiƙa shi ko a shanya, tumatir ya zama kauɗa, naman layya a soya shi ya daɗe. Babbar dabararsu kuwa ita ce maƙwabci. Magidanta suna ciyayya a ƙofar gida bayan magariba, kowa ya fito da akushinsa, mai tuwon shinkafa da mai tuwon dawa su sa hannu tare, ba a gane wanda gidansa bai ɗora tukunya ba. Mata kuma suna aika yara da langa gida-gida. Yau mun ja katanga, mun sa ƙyauren ƙarfe, amarya ta shekara ba ta san sunan matar da ke bayan gidanta ba.

Ga nasihata, kuma a kanta nake so ku tsaya: kada ku jira abinci ya zama saura kafin ku tuna da maƙwabci. Manzon Allah (SAW) ya umarci Abu Zarri da cewa idan ya dafa romo ya ƙara ruwa domin maƙwabtansa su samu. Ku lura, tun wajen dahuwa aka sa su a lissafi. Saboda haka, 'yata, idan kin ga tukunya ta fi ƙarfin gidanki, ki zuba na maƙwabciya da zafinsa, a kwano mai kyau da murfi, kafin kowa ya sa hannu. Abin da aka jagwalgwala, ko shinkafar da ta fara yauƙi, ba kyauta ba ce. Idan ba za ki ba ɗanki ba, kada ki miƙa wa almajiri. Cikinsa bai fi na ɗanki ƙarfi ba.

Sannan ku kiyaye mutuncin wanda za ku ba. Akwai gidajen da suka fi almajiri yunwa amma kunya ba za ta bar su su roƙa ba: matar da ke takaba, tsohon da 'ya'yansa suka tafi ci-rani, ma'aikacin da albashinsa ya ƙare tun tsakiyar wata. Ki aika yaro ya ce, "Wai in ji Umma, ga ɗanɗano." Kada a ɗauki hoto, kada a ba da labari a gidan biki. In sun maido kwano da 'yar kuka ko daddawa a ciki, ki karɓa da godiya, domin hakan ne ke mayar da abin zumunci maimakon bara. Maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba shi ma yana da haƙƙi.

Kai kuma ɗana, cefane a hannunka yake. Kada ka jibgo kayan miya don ka ga araha alhali ba wuta. In za ku yi walima, ka sa mutum guda ya tsaya a kan rabo, abin da ya ragu a tukwane a ƙulla shi a kai gidaje da tsangaya tun kafin dare ya yi.

Zumunci a ƙafa yake. Gobe in kin ɗora tukunya, ki ƙirga gidan da ke kusa da ku a cikin masu ci. Allah ya yi muku albarka, ya sa wa abincinku albarka, ya zaunar da ku lafiya da maƙwabtanku.

Wassalam,
Uwarku mai yi muku addu'a.