Darasin Mako: Kafin Mu Waiga Mu Ga Bencinsa Wayam



Kusan kowane aji yana da irinsa. A bencin baya yake zama, yana kwafe duk abin da aka rubuta a allo tsaf, amma da malam ya ce a tashi a karanta, sai ya sunkuya kamar mai neman bironsa a ƙasa. A zangon farko makara yake yi. A zango na biyu sai ya fara fashi duk ranar kasuwa. Kafin jarrabawar zango na uku, sai mu ji yana wurin mai gyaran babur, in mace ce kuma a ce ta koma talla. Mu kuwa sai mu yanke hukunci cewa dama ba ya son karatu. Sau da yawa ba haka ba ne. Karatun ne ya wuce shi tun da daɗewa, ba wanda ya waiwaye shi.

Yadda giɓin ke farawa

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro a Najeriya haƙƙin karatun shekara 9 kyauta kuma dole, daga aji 1 na firamare zuwa aji 3 na ƙaramar sakandare. Sai dai doka ƙofar aji take kawo yaro, ba ta sa masa karatu a ka. Manhaja kuma ba ta jiran kowa. Wanda ya bar firamare bai iya haɗa baƙi da wasali da kyau ba, in ya zo sakandare zai tarar kusan komai da Turanci ake yi. Ba Turanci kaɗai zai faɗi ba, har lissafi da kimiyya, domin tambayar ma bai iya karanta ta ba. Daga nan sai kunya, sai shiru, sai gudu.

Darasi daga Indiya

Wata ƙungiya mai suna Pratham a ƙasar Indiya ta fuskanci irin wannan matsala, ta fito da tsarin koyar da yaro daga inda ya tsaya. Da farko akan gwada yara ɗaya bayan ɗaya, da baki, a sa kowa a ɗaya daga matakai 5: wanda bai gane harafi ba, mai gane harafi, mai karanta kalma, mai karanta gajeren sakin layi, da mai karanta labari. Sannan a raba su rukuni-rukuni bisa matakin, ba bisa aji ko shekaru ba, a ware wani lokaci kullum ana aiki da su. Lokaci-lokaci a sake gwaji, wanda ya ci gaba a ɗaga shi. Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka auna tsarin, aka ga yana aiki. A Jihar Kano ma an gwada shi ƙarƙashin shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, da yaran aji 4 zuwa 6 na firamare.

Abin da za mu iya yi

1. Mu lura da alamu: yawan makara, komawa bencin baya, da kwafar aikin gida kullum daga wurin wani.

2. Kowa ya riƙe mutum ɗaya. Minti 20 a lokacin tara ko bayan an tashi ya isa. Mu fara da abin da ya iya, ko da littafin Hausa na firamare ne, mu kuma bar shi ya karanta da bakinsa. Ba shi amsa ya kwafa cuta ce, ba taimako ba.

3. Mu daina dariya in wani ya yi kuskure. Wanda aka yi wa ihu sau ɗaya, da wuya ya sake ɗaga hannu.

4. In abokin karatunmu ya yi kwana 3 bai zo ba, mu leƙa gidansu, mu kuma sanar da malamin aji. Wani lokaci yunwa ce, ko yagaggiyar riga, ko aikin gida da ya yi wa yarinya yawa.

Ga iyayenmu malamai kuma, muna roƙo cikin ladabi: kafin bulala, a ja yaro gefe a ji matakin karatunsa. A riƙa jefa wa na baya tambayar da za su iya amsawa, a yaba musu in sun dace.

Aikin wannan mako

Mu duba ajinmu da kyau. Wane ne ba mu ji muryarsa ba tun da aka dawo hutu? Gobe da safe mu zauna kusa da shi, mu buɗe littafi tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta