Kafin Ka Saɓi Famfon Feshi: Shawara Ga Mai Son Sana'ar Yaƙi Da Ƙwari

Da wuya ka ratsa unguwa a Kano, Kaduna ko Sakkwato ba ka ga an rubuta "ana feshin gida" a jikin bango ba, da lambar waya a ƙasa. Matasan da suka hango wannan sana'a ba su yi kuskure ba. Makarantun kwana na fama da kuɗin cizo, gidajen abinci na fama da kyankyaso, masu rumbun hatsi na kuka da ɓera da ƙwarin wake, masu gini kuma gara ta hana su sakat. Aiki na nan rani da damina.

Matsalar ita ce yawancin masu shiga sana'ar daga ƙarshe suke farawa. Mutum ya sayi famfo, ya sayi kwalbar magani a kasuwa, ya tambayi mai shago murfi nawa ake zubawa, shi ke nan ya zama mai feshi. Ɗan'uwa, idan kana so sana'ar nan ta riƙe ka, jinkirta sayen famfo, ka fara neman ilimi. Guba za ka riƙa shiga da ita ɗakin da yara ke kwana da wurin da ake ajiye abinci. Wanda ya ƙware ba a gane shi da yawan maganin da ya fesa. Ana gane shi ne da yadda yake kawar da matsala da ɗan magani kaɗan, a daidai wurin da ya dace, ba tare da ya cutar da kowa ba.

Fara da sanin ƙwaron

Kowane ƙwaro da halinsa, kuma halin ne ke nuna maka yadda za a ci shi da yaƙi. Ɗauki kuɗin cizo. Da rana ba ka ganinsa. Sai ka haska tocila, ka ɗaga gefen ɗinkin katifa, ka leƙa gaɓoɓin gadon katako da tsagar bango. Can za ka tarar da ɗigo-ɗigon baƙin kashinsa, da saɓarsa, da ƙwayayensa farare ƙanana. Yawancin magungunan feshi ba sa kashe waɗannan ƙwai, kuma suna ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10. Shi ya sa wanda ya fesa sau ɗaya ya tafi, bayan mako biyu mai gida zai ce an cuce shi. Mai ilimi tun farko yake gaya wa mai gida cewa zai dawo zagaye na biyu, ya kuma sa a wanke zannuwa da ruwa mai zafi sosai. Ka sani kuma kuɗin cizo na iya yin watanni bai sha jini ba, don haka rufe ɗakin kwanan ɗalibai lokacin hutu ba ya kashe shi.

Kyankyaso iri biyu za ka fi haɗuwa da su. Ƙaramin, mai ruwan ƙasa, a kicin yake zama, bayan firji da cikin kabad, kuma jakar ƙwai ɗaya tasa na ɗauke da 'ya'ya 30 zuwa 40. Wannan ya fi jin maganin ɗanɗano mai kama da man shafawa, wanda ake ɗiga masa a lungu ya ci ya mutu. In ka yi feshi a kan wannan ɗigon ka ɓata aikinka, don ba zai ƙara kusantarsa ba. Babban kuwa, mai ja-ja, daga masai da sokawe da kwata yake fitowa. In ba a gyara fasasshen murfin sokawe ba, ko kullum kake feshi a falo ba za ka ga bayansa ba.

Ɓera yana tsoron sabon abu, yakan yi kwanaki yana kewaye tarko kafin ya taɓa, saboda haka aikinsa na haƙuri ne. Ƙaramin ɓera na iya kutsawa ta ramin da bai fi kaurin fensir ba. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Toshe ramuka da siminti da ragar waya rabin aikin ne. Kuma batun ɓera ya wuce ɓarnar hatsi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin ɓera yake kama mutane. Kada ka share kashin ɓera a bushe ƙura ta tashi. Jiƙa shi da ruwan bilic, ka sa safar hannu, sannan ka kwashe.

Gara kuwa gidanta a ƙarƙashin ƙasa yake, abin da kake gani a bango hanya ce kawai. Mafi ingancin aikinta shi ne wanda aka yi wa ƙasar fili kafin a zuba kankaren daɓe. Sauro kuma yana girma a ruwa cikin kwana 7 zuwa 10, don haka tsohuwar taya da kwatar da ta toshe su ne farkon abin dubawa.

Inda ake koyo

Hanya mafi ƙarfi ita ce karatun lafiyar muhalli, wato aikin duba-gari. Makarantar Koyon Tsafta ta Kano ta daɗe tana yaye irin waɗannan ma'aikata, kuma kwalejojin fasahar lafiya na jihohi suna da wannan fanni. Wanda ya yi wannan karatu ya san ƙwari, ya san cututtukan da suke yaɗawa, ya san doka.

Idan shekaru ko hali ba su ba ka damar komawa aji ba, nemi gajeren horo mai takardar shaida. Hukumar EHCON, wadda dokar 2002 ta kafa da sunan EHORECON, ita ke yi wa ma'aikatan lafiyar muhalli rajista, ita kuma ke ba kamfanonin feshi lasisi. Akwai kuma ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa, PECAN. Kafin ka biya kuɗin kowane horo, tabbatar hukumar ta san da masu bayar da shi. Horon da ba a fita da kai fili ba, ba a sa ka riƙe famfo ka auna magani da hannunka ba, bai cika horo ba.

Bayan takarda, bi wani ƙwararre mai lasisi ka yi masa yaron aiki, aƙalla damina ɗaya da rani ɗaya, don kowane lokaci da ƙwarinsa. Wajen zaɓen maigida, lura da abu uku: yana zagaya gida ya duba kafin ya faɗi farashi? Yana sa kayan kariya, yana kuma ba yaransa? Yana barin magani a cikin kwalbarsa ta asali? Wanda ke juye magani a gorar ruwa ya cire takarda don kada a gane sirrinsa, kada ka zauna da shi.

Mata ma su sani ƙofa a buɗe take. Gidaje da yawa a ƙasar Hausa namiji baƙo ba ya shiga cikinsu, haka ɗakunan kwanan 'yan mata a makarantu. Mace mai horo za ta shiga inda namiji zai tsaya a zaure. Sai dai mai juna biyu da mai shayarwa su nisanci haɗa magani da fesa shi.

Koyi karanta jikin kwalba

Takardar da ke manne a kwalba ita ce jagorarka. Duba lambar rajistar NAFDAC, da ranar lalacewa, da sunan sinadarin da ke ciki, domin kamfanoni goma na iya sayar da sinadari ɗaya da sunaye goma. Duba layin launi da ke ƙasan takardar: ja na nufin haɗari mai tsanani, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore mafi sauƙi. Duba ko maganin na gona ne ko na cikin gida. Na gona ba ya shiga ɗaki, ko da mai shago ya rantse ya fi ƙarfi.

Awo da sirinji ko kofin awo ake yi, ba da murfi da ƙiyasi ba. Ƙara yawan magani ba ya ƙara kisa, sai dai ya ƙara haɗari da asara. Kafin ka taɓa guba, cika famfonka da ruwa zalla, ka auna bango, ka yi ta gwaji har ka san faɗin da tanki ɗaya ke ci. Masu feshin sauro a jikin bango suna riƙe bakin famfo kimanin santimita 45 daga bangon, suna tafiya da sauri iri ɗaya daga sama zuwa ƙasa, har bango ya jiƙe ba tare da ruwa ya zuba ba. Ka kuma san cewa ƙwari na sabawa da magani. Sinadaran da sunansu ke ƙarewa da "thrin" dangi ɗaya ne. In ɗaya ya daina aiki, sauya suna a cikin dangin ba zai fisshe ka ba, sai ka koma wani dangi daban.

Abu biyu da ba a wasa da su

Na farko shi ne DDVP, sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiyar da ake haɗawa a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin masu haɗari ƙwarai, kuma a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Ragowar wannan sinadari ce aka samu a waken Najeriya har Tarayyar Turai ta hana shigar da shi a 2015. Ƙwararre ba ya fesa shi a ɗakin kwana, ba ya zuba shi a kan abinci.

Na biyu shi ne ƙwayar turara hatsi irin su Phostoxin. Da ta ji danshin iska sai ta fara fitar da iskar fosfin, wadda ke ratsa tsagar bango ta kashe mutum cikin barci, kuma ba ta da makari. Ba a sa ta a gidan da mutane ke ciki, ko a shagon da ke manne da ɗakin kwana, ko don kashe ɓera da kuɗin cizo. Wurinta sito ne da aka lulluɓe buhunansa da tamfol marar huda, aka danne gefensa, aka bar shi kwanaki a rufe, sannan aka buɗe ya sha iska. Kada ka karɓi irin wannan aiki sai ka sami horonsa na musamman. Mai sha'awar ɓangaren hatsi, wanda ke da babbar kasuwa a wurare irin su Dawanau, ya nemi cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI, mai hedikwata a Ilori da reshe a Kano. Zai kuma koyi buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba.

Kare kanka

Takunkumin asibiti ko ƙyalle a hanci ba ya tare tururin guba. Sayi abin rufe hanci mai matata, da tabarau, da safar hannu ta roba mai kauri, da takalmin roba, da rigar aiki mai dogon hannu. Lokacin haɗa magani ya fi kowane lokaci haɗari, don a nan yake da cikakken ƙarfinsa. Kada ka ci goro ko ka sha ruwa da hannun aiki, kada ka busa bakin famfo in ya toshe. Wanke kayan aiki daban da na iyali.

San alamun guba: yawu na dalala, gumi, amai, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya ɗaure. In haka ta faru, a fitar da mutum iska, a tuɓe masa kayan, a wanke shi da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar don likita ya san abin da zai ba shi. Madara da manja ba makari ba ne, ɓata lokaci ne, kuma kada a sa shi amai da gangan.

Kwalbar da ta ƙare, ɗauraye ta sau uku kana juye ruwan cikin famfo, sannan ka huda ta don kada wani ya zuba mai ko ruwan sha. Kada ka wanke famfo kusa da rijiya ko kududdufi. Kaɗan daga waɗannan magunguna ya isa ya kashe kifin tafki guda.

Kafa sana'ar

In ka ƙware, yi wa sunan kasuwancinka rajista a hukumar CAC, ka nemi lasisin EHCON. Otal-otal, asibitoci da manyan makarantu takarda suke fara tambaya. Kada ka yanke farashi ta waya. Je ka duba, ka sa kuɗin zagaye na biyu a ciki. Kafin aiki, gaya wa mutanen gida abin da za su yi: a fitar da abinci da kwanuka, a rufe ruwan sha, a kawar da yara da kaji, kada a dawo sai lokacin da takardar maganin ta faɗa ya cika an buɗe tagogi. Riƙe littafi kana rubuta gida, da kwanan wata, da maganin da ka sa da yawansa. Ranar da wani abu ya taso, littafin nan ne shaidarka.

Kuma ka faɗi gaskiya ko da za ta rage maka ciniki. In matsalar gida shara ce da fasasshen bututu, ce wa mai gida, "Alhaji, a fara gyara nan tukuna, in ba haka ba kuɗinka za ka yi ta zubarwa." Wanda ka gaya wa haka shi zai tura maka maƙwabta da 'yan'uwa.

Saboda haka, kuɗin da ka tara na famfo, kashe su a kan horo. Cikin makon nan je sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukumarku, ka sami duba-gari, ka tambaye shi inda ake horon da hukuma ta amince da shi da kuma masu lasisin da ke karɓar yaran aiki. Tocila, littafi da biro sun ishe ka farawa. Allah Ya sa albarka a nema, Ya tsare ka da mutanen da za su ba ka amanar gidajensu.