YADDA A KE YANKE HUKUNCIN CI KO FAƊUWA A JAMI'A

Kowace shekara, idan sakamakon jarrabawa ya fito, a kan sami iyaye a ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo suna zuwa ƙofar Hakimi da magana iri biyu. Wani ya ce malami ya kayar da ɗansa don ƙiyayya. Wani kuwa ya roƙi a rubuta masa takarda zuwa ga wani babba a jami'a, ko a dubi yaron da idon rahama. Mutumin da ya sayar da shinkafarsa ko albasarsa ya biya kuɗin makaranta, ba abin mamaki ba ne ransa ya ɓaci. Amma kafin magatakarda ya ɗauki alƙalami, ko Hakimi ya sa hannu, ya kamata su san yadda a ke yanke wannan hukunci, da waɗanda ke yanke shi. Dalilin wannan takarda ke nan.

Bambancin zaure da jami'a

A karatunmu na zaure malami ɗaya ke da magana. Shi ke biya wa almajiri littafi, shi ke sauraronsa, shi ke cewa ya wuce gaba, in ya gamsu da shi kuma ya ba shi ijaza. Haka a ke yi a ƙasar nan tun kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna Wurno. Don haka mutane da yawa su ke tsammani malamin jami'a ma haka ya ke, in ya so ya ɗaga yaro, in ya so ya kayar da shi.

Tsarin jami'a kuwa daga Ingila ya zo mana. Kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948 digirin Jami'ar Landan ta riƙa bayarwa har 1962, malaman Landan kuma suna da hannu a tambayoyin jarrabawa da duba amsoshi. A 1962 ɗin aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, mai ɗauke da sunan Sardauna, haifaffen Rabah, wanda ya riƙe hakimcin Rabah tun daga 1934. Jami'ar Sakkwato an kafa ta a 1975, ta fara karatu a 1977, aka mayar da sunanta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Dukansu sun gaji ƙa'ida ɗaya, watau ba a barin malami shi kaɗai ya yanke wa ɗalibi hukunci. Bisa kansu kuma akwai Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, wadda ke ajiye ma'aunin da kowace jami'a za ta bi. Sabon ma'auninta ya fito a 2022.

Yadda a ke tara maki

Shekarar karatu zango biyu ce. A kowane zango ɗalibi ya kan yi rajistar darussa da dama, waɗanda a ke kira kwas, kowane kwas kuwa makinsa ɗari ne. An raba ɗarin nan gida biyu. Maki 30 zuwa 40 na aikin cikin zango ne, watau gwaje-gwaje, da aikin gida, da aikin ɗakin gwaji ga masu kimiyya. Sauran 60 zuwa 70 na babbar jarrabawa ne ta ƙarshen zango. Yaron da ya tafi gida girbi ko biki ya rasa gwaji, ya shiga babbar jarrabawa da giɓin da wuya ya cike shi. Har wa yau jami'o'i da yawa ba su barin ɗalibi ya zauna jarrabawa sai ya halarci kashi 75 cikin ɗari na darussa.

Tambayoyin da malami ya shirya ba su isa gaban ɗalibai sai sashensa ya duba su. Tare da su ya kan ajiye takardar amsoshin da a ke nema, an rubuta makin da kowace gaɓa ta cancanta. Wannan takarda ita ce mudun awo. Da ita zai auna ɗan Hakimi, da ita zai auna ɗan talaka. A bisa takardar amsa kuma lambar ɗalibi a ke rubutawa maimakon sunansa.

In an haɗa makin gida biyun nan, sai a ba shi harafi, kowane harafi da darajarsa:

Maki 70 zuwa 100, harafin A, daraja 5.
Maki 60 zuwa 69, harafin B, daraja 4.
Maki 50 zuwa 59, harafin C, daraja 3.
Maki 45 zuwa 49, harafin D, daraja 2.
Maki 40 zuwa 44, harafin E, daraja 1.
Ƙasa da 40, harafin F, ba daraja, faɗuwa ke nan.

A karatun likita an ɗaga iyakar, wanda bai kai 50 ba bai ci ba.

Lissafin da ya kamata magatakarda ya iya

Darussa ba nauyinsu ɗaya ba. Kowane kwas yana da awonsa, gwargwadon sa'o'in da a ke koyar da shi a mako, galibi biyu ko uku. A kan ninka darajar harafi da awon kwas, a tara duka, sa'an nan a raba da jimlar awo.

Ga misali, mun rage darussan don sauƙin lissafi. A ce yaro ya ɗauki kwas huɗu. Na farko awo 3, ya sami B, 3 sau 4, 12 ke nan. Na biyu awo 2, ya sami C, 6 ke nan. Na uku awo 2, ya sami A, 10 ke nan. Na huɗu awo 3, ya sami F, ba kome. Jimla 28, a raba da awo 10, ya tashi 2.80. Da a kwas na huɗu ya sami ko da C, jimla ta zama 37, ya tashi 3.70. Ku dubi ɓarnar da faɗuwa ɗaya ta yi.

Wannan adadi shi ke bin ɗalibi daga shekarar farko har ya gama, da shi kuma a ke raba darajar digiri. Daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya ce, 3.50 zuwa 4.49 ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama, 1.50 zuwa 2.39 ta uku.

Faɗuwa kwas ɗaya ba kora ba ce. Ɗalibi zai wuce aji na gaba ya sake ɗaukar kwas ɗin, abin da yara ke kira kari-oba. Wanda adadinsa ya kasa 1.00 a ƙarshen shekara shi a ke yi wa gargaɗi a ba shi shekara guda ya gyara. In bai gyara ba a sallame shi, ko da ya ke wani lokaci a kan bar shi ya koma wani fannin.

Hannuwan da sakamako ke bi

Idan malami ya gama duba takardu, ya kan miƙa maki tare da takardun ga jami'in jarrabawa na sashe. Malaman sashe su zauna ƙarƙashin shugabansu su bi sakamakon kwas kwas. In aka ga kwas da kusan kowa ya faɗi, ko kusan kowa ya sami A, tilas malamin ya yi bayani. Daga nan a kai majalisar tsangaya, daga can a kai babbar majalisar malaman jami'a, wadda Shugaban Jami'a ke jagoranta. Sai ta amince sakamako ya tabbata. Ga ɗaliban ajin ƙarshe kuwa a kan ɗauko babban malami daga wata jami'a ya duba tambayoyi, da amsoshi, da littafin binciken da ɗalibi ya rubuta.

Ashe takardar alfarma ba ta da ƙofar shiga. Malamin da aka kai wa ita, in mai gaskiya ne an sa shi cikin kunya, in ya karɓa ya canza maki kuma ya sa aikinsa da karatun yaron cikin hatsari.

In an yi kuskure ko zalunci

Ba a ce ba a kuskure ba. A kan yi kuskuren tara maki, takarda ta kan ɓata, ɗalibi ya kan zauna jarrabawar kwas da bai yi rajistarsa daidai ba, sakamako ya ƙi fitowa. A cikin malamai kuma, kamar kowace sana'a, a kan sami wanda ba ya tsoron Allah, mai neman kuɗi ko neman lalata da 'yan mata. Duk waɗannan suna da hanya. Ɗalibi da kansa zai rubuta ƙara ta hannun shugaban sashe, ya biya kuɗin da aka yanka, a ba wani malami dabam takardarsa ya sake dubawa. Akwai wa'adi, an rubuta shi cikin littafin ƙa'idojin da a ke ba kowane ɗalibi, wanda ya yi jinkiri ya rasa. Satar amsa kuwa, ko sayen tambayoyi, laifi ne a dokar ƙasa ta 1999, hukuncinsa tara ko ɗauri, ban da korar da jami'a ke yi.

Abin da a ke roƙon Hakimai

Na farko, in uba ya kawo kuka, a nemi yaron ya zo da takardar sakamakonsa. Gani ya kori ji. Magatakarda ya karanta haruffan, ya yi lissafin da aka nuna a sama, ya gaya wa uban gaskiya, ko sake kwas ne, ko gargaɗi, ko sallama.

Na biyu, kada a rubuta takardar neman alfarma a kan maki. In akwai zargi mai tushe, a taimaki yaron ya rubuta ƙararsa cikin wa'adi, da ranaku da shaidu.

Na uku, a gargaɗi iyaye kada su ba da kuɗin da aka ce na malami ne. Kuɗin jami'a duka da rasit a ke biyansa.

Na huɗu, in ciwo ko rasuwa ta hana ɗalibi zuwa jarrabawa, a sanar da sashensa a rubuce nan da nan, tare da takardar asibiti in ciwo ne. A nan ne shaidar Hakimi ke da amfani ƙwarai.

Na biyar, a roƙi iyaye su bar yara a makaranta lokacin zango, ko da aikin fadama ya matsa.

Ana fata Hakimai za su sa a karanta wannan bayani ga dagatai da masu unguwanni, su kuma su isar da shi ga talakawa. Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, amin.