Darasi Daga Beatles: Zama Da Juna A Ƙungiyar Kiɗa

A kowace ƙungiya, ta badujala ce ko ta mawaƙa, ba a rasa wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ba a kuma rasa saɓanin hali. Zo mu zauna, zo mu saɓa. To, yaya za mu yi? Bari mu duba labarin Beatles, samari huɗu makaɗa daga birnin Libaful a Ingila.

A shekarar 1962, mai ɗaukar musu faifai, George Martin, bai gamsu da kiɗan gangar Pete Best ba. Pete ya shekara biyu tare da su, amma cikinsu ba wanda ya zauna ya faɗa masa. Manajansu suka sa ya sallame shi, suka ɗauko Ringo Starr. Daga baya John Lennon ya amsa cewa tsoro ne ya hana su fuskantarsa.

A 1968 kuma Ringo da kansa ya fita, don yana ganin kiɗansa ya lalace, sauran ukun kuma sun ware shi. Da ya faɗa wa John, sai ya tarar shi ma haka yake ji. Haka ma Paul McCartney. Wannan karon suka aika masa saƙo suna yabonsa, suna roƙonsa ya dawo. Da ya dawo bayan kamar mako biyu, ya sami gangunansa an lulluɓe su da furanni.

Me za mu koya?

Na ɗaya, wanda yake kuskure mu gaya masa da bakinmu, a keɓe, ba a gaban jama'a ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na biyu, mu ba shi lokaci. Gwani ya zauna da shi bayan an tashi daga koyo, a kuma ba shi sashe mai sauƙi har ya ƙware.

Na uku, kada mu yi rowar yabo. Ko gwani yakan karaya in ba wanda ya ce masa madalla.

Beatles sun watse a 1970, ba don rashin gwaninta ba, sai don rigimar kuɗi da ta shugabanci, da rashin jituwa. Mu tambayi kanmu: wa ya yi shiru a ƙungiyarmu kwanan nan? Wa zai je wurinsa?